Sa Hannu Nan, Auta

Sau ɗaya a shekara Akanta yake zuwa gidan, a wata na uku, da shuɗin fayil a hammata. Ba ya shiga ɗakin Inna. A bakin ƙofa yake tsayawa ya yi sallama, ya tambayi mai jiki, sannan ya ce Auta ta ɗan fito. Takan fito tana goge hannu da gefen zane, don galibi ta gama yi wa Inna wanka ke nan. Sai ya ɗora fayil ɗin a kan tagar baranda, ya naɗe shafi talatin da 'yan kai zuwa baya, ya bar na ƙarshe kaɗai a fili. A can ƙasa, ƙarƙashin sa hannun Yaya, akwai 'yar alama da aka yi da fensir.

"Nan, Auta."

Ta sa hannu. Ya ciro abin goge fensir daga aljihun gaba, ya goge alamar, ya hure, ya rufe fayil. Shekara goma sha biyu ana haka. Sau ɗaya tak, a shekarar farko, ya tambaye ta ko za ta so ta duba. Ta yi dariya ta ce, "Me zan duba? Yaya ne fa."

Kamfanin fenti ne mahaifinsu ya bari. Ba wani babba ba ne: injin haɗa fenti biyu, ma'aikata ashirin, da mota ɗaya mai kai kaya. Kashi biyu cikin uku na hannun jari na Yaya ne, kashi ɗaya nata, kuma da aka ce sai da daraktoci biyu, aka sa sunanta na biyu. Iyakar abin da ta sani game da zama darakta shi ne alamar fensir.

Tun da mijinta ya rasu ta dawo gida, kwanakinta duk kamanninsu ɗaya. Da safe Inna, wadda rabin jikinta ya shanye: a ɗaga ta, a wanke ta, a canza shimfiɗa, a ba ta abinci cokali-cokali, a jira ta haɗiye. Ƙarfe goma ta tafi kamfani ta zauna a sito, tana ƙirga bokitin da ya shiga da wanda ya fita, warin fenti na hawa mata kai. Ƙarfe uku ta dawo wa Inna. Ba ta da albashi. Da ta taɓa yi wa Yaya maganar, ya ce ai kamfanin nata ne, ina aka taɓa ganin mutum ya ɗauki kansa aiki? Duk abin da take so ta faɗa kawai.

Kuma gaskiya bai taɓa hana ta ba. Maganin Inna ne, kuɗin asibiti ne, takalmi ne, amsarsa ɗaya ce: je ki wurin Akanta. Ta je 'yar tagar ofis, Akanta ya rubuta ƙaramar takarda, ta sa hannu, ya ƙirgo mata. Dangi kan ce samun ɗan'uwa irin Yaya sai an tona.

Ba zargi ne ya kai ta ajin koyon lissafin kuɗi ba. Ta kai shekara arba'in da uku, ta gaji da tsayuwa a bakin taga, tana son ta iya wani abu da za a biya ta a kansa wata rana. Ajin na ranar Asabar ne, a saman wani kantin magani, wata uku. Yaya ya yi dariya har da dukan tebur, ya ce Auta za ta ƙwace wa Akanta kujera. Sannan ya ce ta je ta karɓi kuɗin rajista a taga.

Malamin tsohon akawu ne mai tabarau ɗaure da zare. Ɗalibai na kiransa Malam Sifiri, saboda duk lissafin da aka kawo masa, tambayarsa ɗaya ce: bambancin ya zama sifiri? Ranar farko ya ja layi a tsakiyar allo ya ce kuɗi ba aljani ba ne, ba ya ɓacewa. In ya fita ta wannan ƙofa, to ya shiga ta waccan. Shi ya sa kowane abu sau biyu ake rubuta shi, hagu da dama, wanda ya karɓa da wanda ya bayar. Wanda ya rubuta gefe ɗaya ya bar ɗaya, in ji shi, ko dai jahili ne ko ɓarawo, kuma shi a ajinsa jahilai kawai yake karɓa.

Auta ta sami kanta tana son abin fiye da yadda ta zata. Tana juya Inna tana bitar darasi a ranta. Ta koyi cewa abin da kamfani ya mallaka, dole ya yi daidai da abin da ake binsa haɗe da jarin masu shi, kamar sikeli. Ta koyi cewa riba daban, kuɗin da ke cikin akwati daban. Abin da ya fi tsaya mata shi ne darasin mako na shida. Malam ya ce kamfani mutum ne mai zaman kansa, aljihunsa daban, aljihun mai shi daban, ko da uwa ɗaya uba ɗaya suke. Sai dai mutum ne marar baki. Shi ya sa ake rubuta masa rahoto duk shekara don ya yi magana, daraktoci kuma su sa hannu su shaida cewa abin da ya faɗa gaskiya ne.

Ya ce mako mai zuwa kowa ya nemo rahoton shekara na kowane kamfani, a koyi karantawa.

Ba ta ko tambayi kowa ba. Rahotannin na jere a kabad ɗin ofis, ƙura ta rufe su. Ta zaro na bara ta sa a jaka, tana jin wani ɗan alfahari, don sauran ɗalibai sai sun yi roƙo, ita kuwa na gidansu ne.

Nata Malam ya fara ɗauka, don shi ya fi kyan bango. Ya nuna musu shafin riba da asara, ya nuna shafin sikeli. Ya ce amma mai wayo daga baya yake fara karanta rahoto, wurin ƙarin bayani, don a nan ake ajiye abin da ba a so baƙo ya gani, kamar yadda ake tura shara bayan ƙofa. Ya lashi yatsa ya buɗe. A bayani na goma sha huɗu ya tsaya, ya gyara tabarau.

"To, ga abin da nake faɗa muku. Bashin da kamfani ke bin darakta ta biyu, miliyan goma sha ɗaya da dubu ɗari huɗu. Bara waccan miliyan tara da rabi. Ribar kamfanin gaba ɗaya ba ta kai miliyan uku ba. Wannan baiwar Allah ai gara ce, ta ciki take cinye ginin."

Aji ya fashe da dariya. Wani mai sayar da taya ya ce ko ma wace ce a ba shi adireshinta, yana neman aure. Malam ya juya shafi na ƙarshe don ya nuna musu cewa ita da kanta ta sa hannu ta yarda. Ya dubi sunan. Ya dubi rajistar aji da ke gefen tebur. Sai ya rufe rahoton a hankali, ya ce a kawo na gaba.

Bayan an tashi ya tsayar da ita. Bai ba ta haƙuri ba, ya dai kasa haɗa ido da ita. Ya tambaye ta ko ta taɓa cin bashin kamfanin. Ta ce ko ƙwandala. Ya ce to ta je ta nemi littafin da aka tattara wannan adadi daga cikinsa. Haƙƙinta ne, darakta ce. Babu lambar da ke faɗowa daga sama.

Ranar Litinin ta shiga ofishin Akanta ta ƙofa, ba ta taga ba. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya ce kwamfutar ofis tana da nauyi yau, ya ce a jira Yaya. Ta ja kujera ta zauna. Da ya ga ba tashi za ta yi ba, ya buga mata shafi goma sha tara.

Rayuwarta ce a jere, da kwanan wata. Kuɗin asibitin mijinta na watanninsa na ƙarshe. Kuɗin motar da ta kwaso kayanta ta dawo da su gida. Takalmi. Gilashin ido. Sannan Inna, layi bayan layi: maganin hawan jini, allurai, keken guragu, katifar roba, mai gashin ƙashi, ƙyallayen shimfiɗa. Kusan miliyan takwas na Inna ne kaɗai. Layi na ƙarshe shi ne kuɗin rajistar ajin Malam Sifiri.

Ta tambaye shi me ya sa maganin Inna yake kanta. Ya ce tsarin ke nan, wanda ya zo taga ya karɓa shi ake rubutawa, ita ce kuma take zuwa. Ta ce to a nuna mata shafin Yaya. Ya ce Yaya ba shi da shafi. Ta ce motarsa fa? Ta kamfani ce. Kuɗin makarantar 'ya'yansa biyar? Ya ce suna ƙarƙashin horar da ma'aikata. Tafiyar da matarsa ta yi ganin likita a waje? Neman kasuwa.

"Ni alƙalami ne, Auta," in ji shi. "Ba ni ne hannun ba. Kuma duk takardar nan akwai sa hannunki."

Ya jawo kwali daga ƙarƙashin tebur ya buɗe. Ƙananan takardun taga ne, ɗauri-ɗauri, an ɗaure kowace shekara da roba. Ta zaro ɗaya. Hannunta ne, babu musu. A saman takardar, da ƙananan haruffa da ba ta taɓa kula da su ba, an buga kalmar rance.

Yaya bai yi fushi ba da farko. A falonsa ta same shi bayan la'asar yana shan shayi, ya ce ta zauna, ya sa aka kawo mata nata. Ya ce takarda ce kawai, saboda masu haraji. In aka rubuta maganin Inna a matsayin kashe kuɗin kamfani ba za su yarda ba, dole a rataya shi a wuyan wani. Ta ce me ya sa ba a rataya a wuyansa ba? Ya ce shi ne fuskar kamfani a banki, ba ya yiwuwa a gan shi da bashi. Ya ce wa zai bi ta? Shi? Ƙanwarsa da ya goya? Ya ce wannan shi ne illar ƙaramin sani, wata biyu a aji har ta fara ganin ɓarayi a gidan ubanta.

Da ta tashi tafiya sai ya ce, af, tunda ma ta tayar da maganar. Banki sun ce ba za su sabunta rancen kamfani ba sai an share bashin darakta kafin rahoton bana. Akanta ya samo hanya mai sauƙi. Za a ƙiyasta hannun jarinta, ya zo kusan daidai da bashin, ta sa hannu ta mayar wa shi Yaya, shi kuma ya ɗauke bashin, shi ke nan an wuce wurin. Babu abin da zai canza. Ɗakinta na nan, taga na nan.

Ta ce ya ba ta mako ɗaya.

A makon nan ta sayi sabon littafi mai layi, ta ja layi a tsakiya yadda aka koya mata. A hagu ta rubuta duk abin da ta karɓa, ba ta rage ko takalmin ba. Na Inna ta raba biyu, tunda su biyu ta haifa. A dama ta rubuta albashin mai kula da sito, daidai abin da ake biyan tsohon da ta gada, dubu sittin a wata, wata ɗari da arba'in da huɗu. Ta daɗe tana kallon layin da ke ƙasa, inda za a iya rubuta wankan safe da juyin tsakar rana da wankin shimfiɗa. Ta bar shi babu komai. Ko da haka, da ta haɗa, ita ce ta fito tana bin kamfani bashi, miliyan ɗaya da 'yan kai.

Malam Sifiri ya duba ya ce lissafin ba shi da aibu. Ya ce in ta kai wa lauya tana da magana mai ƙarfi, sai dai ta shirya wa shekara biyu ko uku, da kuɗin da ba ta da su.

Ta kai wa Yaya littafin a ofis. Ya karanta a tsaye. Ya tambaye ta ina takardar ɗaukar aiki, ina shaidar an taɓa yi mata alkawarin albashi. Ta ce shi ne ya ce kamfanin nata ne. Ya ce ashe ta tuna. Sannan ya ɗora yatsa a kan layin da ta raba kuɗin Inna biyu, fuskarsa ta canza.

"Auta, yau uwarki kika zauna kika yi wa lissafi? Abin da ta sha na magani kika raba kamar naman kasuwa?"

"Kai ka fara rubutawa, Yaya. Ni karantawa na yi."

Yaya ya rufe shafin. Ya riƙe littafin, ya ce zai nuna wa manya.

Kafin kwana uku magana ta zaga dangi, kuma ba yadda ta faru ta zaga ba. Abin da aka ji shi ne Auta ta rubuta wa mahaifiyarta takardar bashi. Kawu, ƙanin Inna, ya zo ya zauna a baranda, ya ƙi shan ruwan da ta kawo. Ya ce shi bai san boko ba, amma ya san ɗan'uwa rabin jiki ne, kuma hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Ta ɗauko shafuka goma sha taran za ta nuna masa, ya kawar da kai ya ce shi ba takarda ta kawo shi ba, zumunci ya kawo shi. Matar Yaya ta daina gaishe ta, in ta wuce sai ta ce wa yara su yi hankali da cokulan gida, odita na zagayawa.

Akwai abin mamaki a nan, ga mai son tunani. Wanda ya yi shekara goma sha biyu yana ƙirgawa a ɓoye, layi-layi, shi ne mai zumunci. Wadda ta ƙirga sau ɗaya a fili, ita ce marar kunya. Mutane ba ƙirge suke ƙi ba, ganin ana ƙirgen ne ba sa so.

Mako ya wuce ba ta sa hannu ba. Ranar da ta je taga karɓar kuɗin allurar Inna, ta tarar an sauke labule. Akanta ya leƙo ya ce an dakatar da duk wani rancen darakta, umarnin banki ne, sai an warware. Ta ce ba nata ba ne, na Inna ne. Ya ce to a wane shafi zai rubuta? Ai ita ta ce kada a ƙara rubutawa a nata.

Ta je wurin Yaya. Ya buɗe tafin hannu ya ce shi ma albashin ma'aikata yake nema, asusu a ɗaure yake har sai banki sun ga rahoto, rahoto kuma na jiran mutum ɗaya. Washegari ta iske wani saurayi a kujerarta ta sito, da makulli a hannunsa. Aka ce an ɗauke shi ne don ta samu ta huta ta kula da Inna. Albashinsa dubu tamanin.

Ta sayar da 'yan kunnenta ta sayi allurar mako biyu. Ta sayar da keken ɗinki. Ta sallami mai gashin ƙashi, ta riƙa murza wa Inna ƙafa da kanta yadda ta ga yana yi. Ƙwayar da ake sha safe da yamma ta koma ta safe kaɗai. Ƙafafun Inna suka fara kumbura, fatar bayanta ta fara salewa. Yaya yakan shigo kullum da safe kafin ya fita, ya durƙusa ya gaishe ta, ya dubi kwalaben da suka kusa ƙarewa a kan tebur, ya dubi Auta, ya fita. Shi ma ya rame. Ma'aikata sun shiga wata na biyu babu albashi, in ta bi ta ƙofar kamfani sai hira ta tsaya. Wani dattijo mai haɗa launi, wanda ya san ta tun tana yarinya, ya tare ta ya ce shi bai san abin da ke tsakaninsu ba, amma 'ya'yansa an koro su daga makaranta.

Ta kammala ajin a cikin wannan hali. Ita ta zo ta ɗaya. Malam ya miƙa mata takardar shaida ya ce bai taɓa nadamar koya wa wani karatu ba, amma nata ya hana shi sukuni. An ce rashin sani ya fi dare duhu, in ji shi, ba a dai faɗi abin da mutum zai gani ba in an kunna fitilar. Ta ce ba laifin fitila ba ne.

Inna ba ta cika magana ba tun da bakinta ya karkace, amma kunnenta ras yake. Wata ranar Laraba da hantsi, Auta na shafa mata mai a baya, sai ta ji ta kama mata wuyan hannu da hannunta mai lafiya. Ta sunkuya. Sai da Inna ta maimaita sau uku kafin ta gane.

"Ki sa masa."

Auta ta ce, "Inna, kin san abin da ke cikin takardar?"

Inna ta gyaɗa kai. Ta sani. Ta ce, kalma ɗaya-ɗaya, ba don magani ba. Ba ta so ta tafi ta bar su haka. Ta ce Yaya ba zai sauko ba, tun yana yaro haka yake, Auta ce mai haƙuri. Hawaye ya gangaro ta gefen da ya shanye, Auta ta share mata da gefen zane. A gidaje da yawa haka ake raba kaya: ba a duba wanda ya kamata ya ɗauka, wanda zai iya ɗauka ake dubawa.

Akanta ya zo washegari, wannan karon da Yaya, da fayil biyu. Ya ɗora na farko a kan tagar baranda, ya fara naɗe shafuka zuwa baya. Auta ta karɓe fayil ɗin, ta warware su, ta ja kujera ta zauna, ta fara daga shafi na ɗaya.

Kusan awa biyu ta yi. Ta karanta shafin riba da asara, ta ga horar da ma'aikata ya ƙaru, don babbar 'yar Yaya ta shiga jami'a. Ta karanta shafin sikeli, ta haɗa lambobin a gefen takarda, suka yi daidai, bambanci sifiri. Ta karanta bayani na goma sha huɗu: an biya bashin darakta gaba ɗaya. Yaya ya yi ta duba agogo, ya zauna, ya tashi, ya shiga ya gaida Inna, ya fito. Ba wanda ya ce mata ta yi sauri.

A shafi na ƙarshe ta tsaya a kan jimlar da ke saman sa hannun, wadda ta yi shekara goma sha biyu tana sa hannu a ƙarƙashinta ba ta karanta ba. Ta karanta ta da ƙarfi, yadda duk za su ji: mu daraktoci mun shaida cewa wannan rahoto ya nuna gaskiyar halin da kamfani yake ciki. Akanta ya dubi ƙasa.

"Sau goma sha biyu na sa ban sani ba," in ji ta. "Wannan da sanina ne. Allah ya san wanda ya riƙe min hannu."

Ta sa. Ta sa a ɗaya fayil ɗin ma, na mayar da hannun jari, wuri uku. Akanta ya ciro abin goge fensir, ta ce ya bar alamar. Bai bari ba, ya goge, ya hure.

Kafin azahar an kawo magani kwali guda, da sabuwar katifar roba. Yaya da kansa ya shigo da su. Da yamma Kawu ya bugo waya ya sa mata albarka. Matar Yaya ta aiko da abinci a kwanon baƙi.

Inna ta ƙara wata huɗu. Bayan rasuwarta da 'yan makonni Yaya ya ce, cikin taushin murya, ɓangaren nan na Inna za a mayar da shi wurin ajiyar kaya, sito ya yi kaɗan, amma kada ta yi gaggawa, ta nemi wuri a tsanake. Ta samu ɗaki ɗaya a bayan tasha. Malam Sifiri ya haɗa ta da wani mai kantin kayan gini, tana riƙe masa littafi, yana biyanta dubu hamsin. Mai kantin yana ƙorafin cewa ko ƙusa ɗaya ya ɗauka ya kai gida sai ta rubuta, kuma sai ta sa shi ya karanta kafin ya sa hannu.

A wata na uku na shekarar da ta biyo ta je gidan ɗaukar keken guragun Inna, za ta ba wata maƙwabciya. Ɗakin cike yake da bokitan fenti har rufi, keken na can ƙurya. Tana turo shi waje ta ga Akanta a baranda da shuɗin fayil. A gabansa babbar 'yar Yaya ce, shekararta goma sha tara, ta dawo hutu, waya a hannu ɗaya, biro a ɗaya. An yi sabuwar darakta ta biyu. Shafuka a naɗe suke zuwa baya, ga 'yar alamar fensir a ƙasa.

Auta ta saki keken ta matsa kusa. Ta ce, "'Yata, warware shafukan nan ki karanta tukuna. Ki fara daga baya. In ba ki gane ba ni zan zauna da ke."

Akanta bai ɗago ba. Yarinyar ta dube ta da irin kallon da gidan duka ya koyi yi mata, rabi tausayi rabi dariya.

"Kai, Gwaggo, ke da lissafinki. Me zan karanta? Abba ne fa."

Ta sa hannu. Akanta ya goge alamar, ya hure, ya rufe fayil.